Kyautar sauti a Goya da Ariel: aikin wa ake sakawa, kuma kunnen wa ke yanke hukunci?

Tambaya: Ina bin bukukuwan ba da kyaututtukan fim na ƙasashen da ke magana da Sifaniyanci. Duk lokacin da aka zo kyautar sauti, sai in ga mutum uku ko huɗu sun hau dandamali tare. Mene ne aikin kowannensu? Me ake dubawa kafin a ba su? Kuma gaskiya ne cewa fim ɗin da ya fi ƙara shi ke ci?

Malam, mutum uku kake gani saboda sana'a uku ce aka ɗaure wa kyauta ɗaya. Akwai wanda ya naɗi muryoyi a lokeshan yayin da kyamara ke aiki, akwai wanda ya tace sautin ya gina duk abin da kunne zai ji bayan an gama ɗauka, sannan akwai wanda ya zauna a ɗakin haɗa sauti ya auna wa kowane amo matsayinsa. Batun ƙara kuwa, akwai ƙamshin gaskiya a ciki, amma jerin waɗanda suka ci ba ya goyon bayansa yadda mutane ke zato. Zan zo kansa.

Kyautar Goya ta Sifaniya, akadamin fim na ƙasar ne ke ba da ita. An kafa shi a 1986, aka yi bikin farko a Madrid a watan Maris na 1987, kuma tun a wannan biki na farko akwai rukunin sauti. Ta Meziko ta girme ta nesa ba kusa ba: an kafa akadaminsu a 1946, aka fara ba da Ariel a 1947, aka dakatar bayan 1958, aka dawo a 1972. Ariel na azurfa ake ba masu sauti, na zinariya na fim mafi kyau ne da masu karramawa ta musamman. A Ajantina biyu ne: Sur, wadda akadamin 'yan fim ke bayarwa tun 2006, da Cóndor de Plata, wadda ƙungiyar 'yan jarida masu sharhin fim ke bayarwa tun shekarun 1940. Wannan bambanci yana da amfani a sani, don ɗaya hukuncin abokan sana'a ne, ɗayar kuma hukuncin masu kallo da rubutu. Kolombiya tana da Macondo tun 2010. Platino, wadda aka fara a Panama a 2014, ba ta ƙasa ɗaya ba ce, ta haɗa yankin duka har da masu magana da harshen Fotugal, kuma sau da yawa a nan ake ganin wanda ya ci a gida yana karawa da takwarorinsa na ƙetare.

Abu na farko da ke rikita mai bibiya: waɗannan kyaututtuka, ban da Platino, na ƙasa ne, ba na harshe ba. Abin da Goya ke dubawa shi ne fim ɗin yana da takardar zama fim ɗin Sifaniya, an kuma nuna shi a sinimomin ƙasar cikin shekarar. Shi ya sa Los otros na 2001, da Buried na 2010, da Lo imposible na 2012, da Un monstruo viene a verme na 2016 duk suka ci kyautar sauti alhali da Ingilishi ake magana a cikinsu. As bestas, wanda ya ci a 2023, ana jin harshen Galisiya da Faransanci da Sifaniyanci a cikinsa. Roma na Meziko akwai harshen Mixtec, El abrazo de la serpiente na Kolombiya kuma yawancinsa da harsunan mutanen kurmin Amazon aka yi. Wannan ba ƙaramin abu ba ne ga mai tace muryoyi, domin yanka magana a harshen da ba ka ji yana buƙatar wani a gefenka da zai ce maka ka datse rabin kalma.

Mu fara da na lokeshan, domin a wurinsa ake cin kyautar ko a rasa ta tun kafin kowa ya sani.

Sifaniya ba ta daɗe da ɗaukar wannan aiki da daraja ba. A 1941 gwamnatin Franco ta wajabta a ɗora muryoyin Sifaniyanci a kan duk fim ɗin waje. An sassauta dokar bayan 'yan shekaru, amma al'adar ta riga ta kafu: sitidiyon ɗora murya sun yi yawa, kunnen 'yan kallo ya saba da murya mai tsabta wadda ba ta da ɗaki a bayanta, har fina-finan gida ma da yawa sai a ɗauki hoto kawai a ɗora maganar daga baya. Komawa ga naɗar murya kai tsaye a lokeshan ya ɗauki shekaru.

Aikinsa a zahiri yaƙi ne da nisa. Duk lokacin da tazarar makirfo da bakin mai magana ta ninka, ƙarfin muryar da ke zuwa kai tsaye yana raguwa da kusan desibel 6 (desibel shi ne ma'aunin ƙarfin sauti), amma hayaniyar titi da amsa-kuwwar bango ba sa raguwa. Don haka ake riƙe makirfo a kan doguwar sanda sama da kan ɗan wasa, tazarar santimita 30 zuwa 60 idan hoton na kusa ne, bakinsa na kallon tsakanin baki da ƙirji. Mai riƙe sandar sai ya haddace maganar kowa kamar ɗan wasa, don ya juya makirfon kafin mutum na biyu ya buɗe baki. Idan ya makara da rabin daƙiƙa, gaɓar farko ta kalma ta fito a dushe, kuma babu na'urar da ke mayar da ita yadda take.

Babbar ɓarnar zamani ita ce ɗauka da kyamara biyu a lokaci guda, ɗaya tana ɗaukar ɗaki duka, ɗaya tana kan fuska. Furodusa yana ganin ya rage kwanakin aiki. Amma hoton mai faɗi yana kore sandar zuwa mita biyu ko fiye, sai a samu fuska cike da allo, muryarta kuwa kamar daga ƙarshen zaure. Mafita ita ce ƙaramin makirfon da ake ɓoyewa a cikin riga, shi kuma yana da nasa ciwon: yadi mai santsi ko na roba yana goga shi ya yi ƙaras-ƙaras, ƙirji yana ƙara wa murya kauri, idan ɗan wasa ya juya kai sai sautin ya sauya launi, idan an rungumi juna kuwa maganar ta nutse. Ƙwararren mai sauti tun kafin a fara ɗauka yake zama da mai tufafi, a zaɓi auduga inda zai yiwu, a manna wa tafin takalmi tsumma mai laushi, a shimfiɗa darduma inda kyamara ba ta gani. Idan an haɗa makirfon sanda da na riga a sitidiyo ba tare da daidaita lokacinsu ba, murya takan fito kamar daga cikin bututu, saboda sauti yana ɗaukar kusan kashi uku cikin dubu na daƙiƙa ya yi tafiyar mita ɗaya, sai na ɗaya ya riga na biyu isa, su cinye wani sashe na juna.

Wajen naɗa, ana barin matsakaicin magana a kusan -20 a ma'aunin na'ura don ihu na bazata ya samu wurin hawa bai fashe ba. Ana kashe firji da na'urar sanyaya ɗaki, kuma akwai tsohuwar dabara ta ajiye makullin mota a cikin firjin don kada a tashi a manta an kashe wa masu gida. Janareta ana kai shi nesa, a ja dogon waya. Gurnanin lantarki idan ya shiga naɗi, a Sifaniya da Ajantina a 50 Hz, wato girgiza 50 a daƙiƙa, yake zama, a Meziko da Kolombiya a 60, kuma ba shi kaɗai yake zuwa ba, sai da 'ya'yansa a 100 da 150, ko 120 da 180. Wanda ya cire uwar kawai ya bar 'ya'yan zai ci gaba da jin zuzz a ƙarƙashin magana. Kafin a bar kowane wuri kuma, kowa ya yi tsit na daƙiƙa 30 zuwa minti ɗaya a naɗi shirun ɗakin. Wannan minti ɗaya shi aka fi yawan hana mai sauti saboda gaggawa, shi ne kuma aka fi yin nadamar rashinsa.

Dalili kuwa yana wurin mutum na biyu. Tattaunawa ta minti uku a fim tana iya zama haɗin ɗauka goma sha biyar, wasu da safe, wasu da la'asar bayan motoci sun ƙaru a titi. Kowace tana da nata shirun. Idan aka jera su haka, duk lokacin da hoto ya yanke sai ka ji bayan maganar ya yi tsalle. Mai tace muryoyi yana cike giɓin da shirun da aka naɗa, ya zame ɗaya cikin ɗaya, har kunne ya yarda cewa zama ɗaya aka yi. Idan kalma ta lalace, ya nemo ta a wata ɗauka, wani lokaci harafi ɗaya kawai zai aro. Sai abin ya gagara ake kiran ɗan wasa sitidiyo ya sake faɗa yana kallon leɓɓansa a allo. Wannan ma sai an naɗa da irin makirfon da aka yi amfani da shi a lokeshan, a irin tazarar, a mayar masa da amsa-kuwwar ɗakin, in ba haka ba jimlar ta fito fes a tsakiyar sauran kamar sabon faci a tsohuwar riga.

A nan harshen kansa yake shigowa. Sifaniyanci ba ɗaya ba ne a baki. A Madrid ana furta "s" da kaifi, mai tacewa yakan rage mata tsini don kada ta soki kunne a lasifikan sinima. A Andalus da Karibiyan da Chile kuwa "s" ta ƙarshen gaɓa takan koma ɗan huci ko ta ɓace, alhali ita ke bambanta tilo da jam'i. Manhajar cire hayaniya ba ta san wannan hucin magana ba ne. Idan aka matsa mata, sai ta share shi tare da hayaniyar iska, magana ta yi tsabta amma ma'ana ta ragu. Fahimtar kalma ta fi dogara ga yankin 2 zuwa 4 kHz, wato sashen sauti mai kaifi inda baƙaƙe ke zaune, don haka duk kiɗa ko ruwan sama da aka cika a wannan yanki yana cin magana ko da ba shi da ƙarfi. Har wa yau fim ɗin da aka ji sarai a Buenos Aires yana iya wahalar da ɗan kallo a Madrid. A farkon 2019 sai da Netflix ta sa wa Roma rubutun fassara na Sifaniyancin Sifaniya, daraktan fim ɗin, Alfonso Cuarón, ya nuna rashin jin daɗinsa a fili, aka cire.

Sauran abin da kake ji, kusan duka ginawa aka yi. Takun sawu, motsin riga, ajiye kofi, jan kujera, mutane ne ke yin su a sitidiyo suna kallon hoto, a kan ramukan da aka cika da tsakuwa, yashi, katako ko siminti. Ana yin haka ne don dalili biyu: makirfon lokeshan yana bin baki ne, ba ƙafa ba, sannan idan za a sayar da fim ga ƙasar da za ta ɗora nata muryoyin, dole a miƙa mata kiɗa da sauran sautuka cikakku ba tare da magana ba. Idan ƙarar ƙofa tana manne da muryar jarumi a naɗi ɗaya, cire muryar zai tafi da ƙofar.

Sai shimfiɗar wuri, wato iska, tsuntsaye, nesa-nesan gari. Roma shi ne misalin da ya fi kowanne nuna abin da wannan shimfiɗa za ta iya. Ba a rubuta masa kiɗa ba, duk waƙar da ka ji daga rediyo ko titi take fitowa. Birnin Meziko na 1970 da 1971 aka sake ginawa da kunne: ruwan wanke tsakar gida, haushin karnuka daga rufin maƙwabta, usur ɗin mai wasa wuƙa, kiran 'yan talla, jirgin sama da ke ratsawa. An haɗa shi da tsarin Dolby Atmos, inda idan kyamara ta juya sai muryoyin su zagaya ɗakin kallo tare da ita, har magana ma, wadda a al'ada ake kafewa a lasifikar tsakiya. Fim ɗin ya ci Ariel goma a 2019 har da na sauti, wanda José Antonio García na lokeshan da Sergio Díaz da Skip Lievsay da Craig Henighan suka karɓa, ya ci Platino, ya kuma shiga takarar Oscar a rukunin sauti biyu da ake da su a lokacin. Meziko tana da zurfin tarihi a wannan fanni: fim ɗin Santa na 1932 da na'urar da 'yan'uwa biyu, Joselito da Roberto Rodríguez, suka ƙera aka naɗe shi. Martín Hernández, wanda ya ci Goya tare da Miguel Ángel Polo a El laberinto del fauno, ya shiga takarar Oscar sau biyu a jere, kuma a 2021 'yan Meziko uku, Jaime Baksht da Michelle Couttolenc da Carlos Cortés, suna cikin mutum biyar da suka ci Oscar na sauti. A wannan shekarar ce Oscar ta haɗe rukuninta biyu suka zama ɗaya, abin da Goya ke yi tun farko.

Mutum na uku yana aiki a ɗaki mai girman ƙaramar sinima, wanda aka auna. Ana sa amon gwaji a -20, a daidaita kowace lasifikar gaba ta ba da desibel 85 a wurin zama, na gefe 82 a tsarin 5.1 (wato tasha biyar da ɗaya ta gurnani), tashar gurnani ta ƙasa kuma a ɗaga ta da desibel 10. Wannan shi ne matsayin da ake kira 7 a na'urar sinima. Da wannan ma'auni mai haɗawa ke yanke shawarar yadda raɗa za ta yi ƙasa, da yadda fashewa za ta yi sama. Yakan fara da magana, ya daidaita ta ita kaɗai, sannan ya shigo da shimfiɗa da takun sawu, sannan kiɗa, a ƙarshe ya fitar da rassa uku daban: magana, kiɗa, da sauran sautuka. A Atmos yana da hanyoyi har 128, goma na shimfiɗa, 118 na sautukan da zai iya ajiyewa a kowane lungu na ɗakin, har da rufi.

Ga inda ake tafka kuskure. Haɗin sinima ba ya aiki a falo. Talabijin a Turai yana bin ma'aunin ƙarfin sauti na -23 LUFS, Netflix tana neman magana ta zauna a kusan -27, dukansu suna buƙatar a matse tazarar da ke tsakanin raɗa da ihu. Fim ɗin da ba a yi masa haɗi na biyu don gida ba, shi ne wanda kake kallo da rimot a hannu, kana ƙarawa a wurin magana kana ragewa a wurin harbi. Haka nan sinima tana gudu da hoto 24 a daƙiƙa, talabijin ɗin Turai 25. Mayar da 24 zuwa 25 yana ƙara sauri da kusan kashi 4 cikin ɗari, fim ɗin awa biyu ya koma kusan minti 115, muryoyi su ɗan sirance idan ba a gyara ba. Hoto ɗaya kusan kashi 42 cikin dubu na daƙiƙa ne, daidai da tafiyar sauti ta mita 14, kuma zamewar hoto biyu ta isa ɗan kallo ya ji leɓe da murya sun rabu ko da bai iya faɗin abin da ke damunsa ba. Su ma masu sinima da yawa ba sa barin na'ura a 7, sukan sauke ta zuwa 5 ko ƙasa saboda ƙorafin ƙarar tallace-tallace, sai raɗar da aka auna da kyau ta nutse.

Yanzu ga batun hukunci, kuma a ganina nan ne raunin tsarin yake. A Goya ana zaɓe zagaye biyu. A na farko, wanda ke fitar da 'yan takara, masu sana'ar sauti suna da murya mai nauyi. A na biyu, wanda ke fitar da gwani, dukkan mambobin akadami ne ke jefa ƙuri'a: 'yan wasa, marubuta, masu kwalliya, furodusoshi. Yawancinsu ba sa iya rarrabe abin da aka naɗa a lokeshan da abin da aka gina, kuma da yawa suna kallon fina-finan ne a gida ta intanet, wato ba a ɗakin da aka auna aikin dominsa ba. Sakamakon haka abubuwa biyu ne. Na farko, fim ɗin da ke kwashe kyaututtuka yakan ja ta sauti ya tafi da ita, kamar Mar adentro da ya ci 14, ko La sociedad de la nieve da ya ci 12 a 2024. Ba ina cewa ba su cancanta ba, aikin Jorge Adrados da Oriol Tarragó da Marc Orts a La sociedad de la nieve aiki ne na gaske: faɗuwar jirgi, zaftarewar ƙanƙara, da shirun dutse inda dusar ƙanƙara ke shanye amsa-kuwwa. Amma ƙuri'ar ba lallai saboda wannan aka jefa ta ba. Na biyu, sautin da ake lura da shi yana da fifiko kan wanda ya ɓoye kansa. Mai tace muryoyin da ya ceto fim ɗin tattaunawa daga hayaniyar titi, in ya yi aikinsa daidai babu wanda zai san an yi. Saboda haka ni na fi ba jerin 'yan takara nauyi fiye da sunan wanda ya ci.

Duk da haka, ƙara ba ita ce mabuɗi ba. Abin da ya fi maimaituwa a jerin shi ne fim ɗin da labarinsa ya tilasta wa ɗan kallo saurare. Buried na Rodrigo Cortés, daga farko har ƙarshe a cikin akwatin gawa yake, mutum ɗaya da waya da abin kunna wuta. Duniyar waje gaba ɗaya ta kunne take zuwa: muryoyi ta waya, kukan katako, zubar yashi, numfashi. La trinchera infinita, wanda ya ci a 2020, labarin mutumin da ya ɓuya a cikin gidansa a Andalus fiye da shekara talatin tun daga farkon yaƙin basasar Sifaniya. Yawancin maganar raɗa ce da karin harshen yankin, abin da ke faruwa a waje kuma ta bayan bango yake jin sa, don haka kowane sauti sai an rage masa kaifi an dushe shi gwargwadon kaurin abin da ya ratsa. Tres na Juanjo Giménez, wanda ya ci a 2022, jarumarsa mai aikin sauti ce wadda jinta ya fara makara a bayan ganinta, wato kuskuren da kowane mai haɗa sauti ke gudu shi aka mayar labari, aka auna zamewar da gangan tana ƙaruwa. A Ajantina, fim ɗin Zama na Lucrecia Martel, wanda Guido Berenblum ya ci wa Platino a 2018, ya yi amfani da wani amo da kunne ke ji kamar yana ta gangarowa ba ya kai ƙasa, a daidai lokutan da jarumin ke gane cewa takardar sauya masa wurin aiki ba za ta zo ba. Duk waɗannan tun a rubutun labari aka bar wa sauti wuri. Daraktan da ya tuna da sauti bayan ya gama yanka hoto, gyara kawai zai samu.

Za ka kuma lura sunaye kaɗan ne ke ta dawowa. Tarragó da Orts sun ci tare a El orfanato, Lo imposible, El Niño, Un monstruo viene a verme, Tres da La sociedad de la nieve. Ƙwarewa ce, amma har da tsarin kasuwa: fina-finan da ke da kuɗin biyan makonni masu yawa na tacewa da haɗawa kaɗan ne a shekara, kuma wurin mutane ɗaya suke zuwa. Ƙaramin fim da aka ba kwana biyar a ɗakin haɗawa yana takara da wanda aka ba wata guda. Sunayen mata sun ƙaru a 'yan shekarun nan: Fabiola Ordoyo da Yasmina Praderas sun ci tare da Aitor Berenguer a As bestas.

Idan kana son ka auna da kunnenka, ɗauki fage ɗaya na tattaunawa, ba na faɗa ba, ka sa abin ji na kunne mai kyau. Kalle shi sau ɗaya yadda aka saba. A karo na biyu rufe ido, ka bi abin da ke bayan magana: yana tsalle a inda hoto ke yankewa, ko yana gudana? Akwai jimlar da ta fi sauran tsabta da kusanci ba dalili? Wannan an sake ta ne a sitidiyo ba a zaunar da ita ba. A karo na uku buɗe ido ka duba nisa: idan mutum ya taka zuwa ƙarshen ɗaki, muryarsa ta bi shi, ko ta tsaya a kunnenka? Takun sawunsa ya dace da ƙasan da yake takawa da nauyin jikinsa? Sannan ka nemi wurin da kiɗa ya shigo, ka ji ko ya ba magana hanya ko ya hau kanta. Daga nan sai ka je fagen da ya fi ƙara, ka saurari daƙiƙa goma da suka gabace shi, domin mai haɗawa da ya san aiki yakan sauke komai ƙasa kafin bugu, shi ya sa bugun ke jin nauyi ba tare da an kai na'ura maƙura ba.

Wajen neman fina-finan kuma ka kula da shekara. Ana yin bikin Goya a farkon shekara don fina-finan shekarar da ta wuce, Ariel ma na bara yake sakawa, don haka wanda aka ce ya ci a 2020 fim ɗin 2019 ne, wasu jerin suna rubuta shekarar biki, wasu ta fim. A rubutun ƙarshen fim, "sonido directo" shi ne na lokeshan, "montaje de sonido" ko "diseño sonoro" shi ne mai tacewa da ginawa, "mezclas" shi ne mai haɗawa. Mai riƙe sanda da masu yin takun sawu suna can ƙasa a jerin, a ƙarƙashin "microfonista" da "efectos sala", kuma galibi ba sa cikin waɗanda ake kira dandamali.